Iskar Tayar Babur: Tsarin Lura da Za Ku Haɗa a Gida

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai na Jambutu, babur ya zama ƙafar kowane gida a Garwa. Shi ke kai buhun masara kasuwar Pitowa ranar Lahadi, shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Duk wannan nauyi yana kan tayoyi biyu ne, kuma inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Abin da ke riƙe da nauyin kuwa iskar da ke ciki ce.

A wurin aikina na sha ɗaure raunin mutanen da suka faɗi ba tare da wata mota ta buge su ba. In ka tambaya, sai su ce babur ne ya kwace a kwana, ko taya ta fashe suna cikin gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi shafa.

Abin da ƙarancin iska ke jawowa

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar kuma tana haifar da zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wannan zafi kan haɗu da na kwalta da nauyin kaya har roba ta yi rauni ta fashe. Kan babur yana yin nauyi, mai yana saurin ƙarewa, in an faɗa rami kuma wili kan tsinke tif. Iskar da ta yi yawa ita ma illa ce: taya ba ta kama ƙasa sosai, sai santsi a kan yashi ko bayan ruwan sama.

Saboda haka ne Amurka ta wajabta na'urar lura da iskar taya a sababbin ƙananan motoci tun 2007, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. A Amurka fitilar gargaɗi kan kama idan iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Baburanmu ba su zo da wannan na'ura ba, amma aikin da take yi kuna iya yin sa da abubuwa huɗu: geji, fenti, kati da ruwan sabulu.

Na farko, ku san adadin babur ɗinku

Adadin yana cikin littafin babur, ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa. A yawancin ƙananan babura, tayar gaba na son kimanin psi 25, ta baya 28, ko 32 idan akwai goyo ko kaya. In gejinku na lissafi da bar ne, bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, wato 1.75 a gaba, 2 zuwa 2.25 a baya. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba adadin tafiya ba. Ku rubuta adadin da fenti a marfin sarƙa, domin duk wanda ya ari babur ɗin, ko mai faci, ya gani.

Na biyu, ku mallaki geji

Matsa taya da yatsa ko shurinta da ƙafa ba awo ba ne. Tana iya rasa iska mai yawa ta ci gaba da tauri. Ku auna da safe kafin fita, ko bayan babur ya huta awa uku. Iska na kumbura da zafi, don haka awon da aka yi bayan doguwar tafiya zai nuna sama da gaskiya. Kada ku sace iska daga taya mai zafi, domin in ta huce za ta kasa.

Na uku, kati

Ku rataye kwali a bayan ƙofa, ku ja layi uku: rana, gaba, baya. Ku auna sau ɗaya a mako, da kuma safiyar kowace tafiyar kasuwa. Yaro ɗan makaranta na iya riƙe wannan aiki. Raguwa kaɗan cikin mako ba abin damuwa ba ce. Amma idan taya ɗaya ce kullum ke sauka fiye da 'yar'uwarta, akwai yoyo. In kuwa 32 ta koma 24, fitilarku ta gargaɗi ke nan ta kama: kada a hau sai mai faci ya duba.

Na huɗu, ruwan sabulu da ido

Ku ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul. In ya yi kumfa, iska na fita. Ku dubi tsayuwar bawul ɗin: in ya karkace, taya ta zame a kan wili tana jan tif, kuma yana iya yagewa farat ɗaya. Ku mayar da marfinsa kullum, musamman a ƙurar hunturu. Ku nemi ƙusa da tsagewa. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Tayar da ta haura shekara biyar a riƙa dubanta da kyau, ko da zanenta bai cinye ba.

Akwai marfin bawul mai sauya launi daga kore zuwa ja, da mai aika adadi zuwa waya. Suna taimakawa, amma in ba su ɗauru da kyau ba su kansu kan zubar da iska. Ku gwada su da sabulu, kuma kada su hana ku aunawa da geji.

Idan taya ta sace kuna cikin gudu

Ku riƙe kan babur da ƙarfi, ku saki mai a hankali, kada ku danne birki lokaci guda. In ya zama dole, ku taɓa birkin tayar da ke da lafiya, ku gangara gefe.

In wani ya faɗi, kada a ja shi ko a murɗa wuyansa, kada a cire masa hular kwano sai in numfashinsa ya tsaya ko ya toshe. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Wanda ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana magana, a kai shi asibiti. Amai, barci mai nauyi ko ruɗewa alamun haɗari ne. Raunin da ƙasa ta shiga kuma a tambayi allurar tetanus.

Iska daidai ba ta halatta lodin da ya fi ƙarfin babur ba, ba ta kuma maye gurbin hular kwano ba. Amma awon bai kai minti biyu ba, karayar cinya kuwa kan raba mutum da rumfarsa watanni. Gobe da safe, kafin a ɗaura kaya, ku ɗauko geji.