Bakarariya a Cikin Ikilisiya

Karatu: 1 Sama'ila 1:1-18, Luka 1:5-25

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu suna zaune tare da Yarbawa a Ibadan da Legas da sauran garuruwansu, mun kuwa sani babu abin da ya fi ɗa daraja a wurinsu. Idan mace ta haihu, akan bar sunanta a kira ta Iya wane, watau uwar wane. Wadda ba ta haihu ba kuwa ana ce da ita agan, kamar yadda mu mukan ce juya. Sau da yawa uwar miji ce takan matsa wa ɗanta ya ƙara aure. Saboda wannan kunya mata sukan taru kowace shekara a watan Agusta a bakin kogin Oshun a Oshogbo suna ɗiban ruwansa, gama ana cewa Oshun ce mai ba da 'ya'ya. Waɗansu kuma sukan hau duwatsun addu'a na ikilisiyoyin Aladura da azumi da kuka.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Hannatu ta sha tsokana a hannun kishiyarta Feninna, har ta kasa cin abinci. Da ta je Shilo tana addu'a a zuciyarta, sai Eli firist ya zaci ta bugu. Mu lura da wannan ƙwarai: shugaban sujada ne ya ƙara mata ciwo, domin ya yi hukunci tun bai tambaya ba. Luka kuma ya fara shaida cewa Zakariya da Alisabatu adalai ne a gaban Allah, sa'an nan ya faɗi cewa ba su da ɗa. Ashe rashin haihuwa ba alamar zunubi ba ne.

Ba kuwa laifin mace kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 1 cikin 6 yakan gamu da wahalar haihuwa a zamansa, likitoci kuma sun tabbatar cewa sau da yawa dalilin yana jikin namiji. Ya kamata miji ya tafi asibiti tare da matarsa, a auna su duka biyu.

Amma ga abu mai wuya. Hannatu ta sami Sama'ila, Alisabatu ta sami Yahaya, amma akwai mata masu bangaskiya waɗanda za su tsufa ba su goyi ɗa ba. Idan shaidar da muke ji a majami'a kullum ta masu haihuwa ce, me muke faɗa wa waɗannan? A Ishaya 56:3-5 Ubangiji ya yi wa baban da ya riƙe alkawarinsa wa'adin suna a cikin gidansa wanda ya fi na 'ya'ya.

Tambaya ga ƙungiya: idan ɗan'uwa ya zo gaban dattawa ya ce iyayensa sun kawo masa mata ta biyu domin ta farin ba ta haihu ba, me za mu ce masa, wa kuma za mu aika wurin matar a ranar nan?