Da wane sikeli ake auna hayaƙi da ƙurar da muke shaƙa?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tawa. Kullum muna ji a rediyo ana cewa ƙasa kaza ta fitar da tan kaza na gurɓatacciyar iska, har aka ce shanunmu ma suna da nasu kason. Ɗalibaina suka tambaye ni: abin da ba ya kamuwa a hannu, ba ya zubuwa a buhu, da wane sikeli aka auna shi? Kuma mu nan Adar, wa ya auna namu?
Daga wani mai karatu, Tawa, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Allah ya yi wa ɗaliban nan albarka, don sun taɓo inda maganar take. Tambayar tasu biyu ce a haɗe, sai an raba su za a gane. Ta farko: nawa ne ke cikin iskar da ke gaban hancinka yanzu? Ta biyu: nawa ne ke fita daga bakin salansar babur, ko murhu, ko cikin saniya? Uwargida za ta iya hura itace iri ɗaya yau da gobe, yau a tsakar gida, gobe a cikin madafa ƙofa rufe. Hayaƙin da wutar ta fitar ɗaya ne, amma wanda ya shiga ƙirjinta ya sha bamban. Amsar tambaya ta farko aunawa ake yi da na'ura. Ta biyun, galibi lissafi ne.

Mu fara da awon. Iskar da ake magana a kanta 'yar kaɗan ce ƙwarai a sararin sama, shi ya sa ake ƙidaya ta da kashi cikin miliyan. A ce ka zube ƙwayar gero miliyan ɗaya a tabarma, ƙwaya 420 da 'yan kai ne kabon-dayoksaid, metan kuwa ƙwaya biyu ma ba ta cika ba. Abin da ke tona asirinsu haske ne. Kowace iska tana da irin hasken da take shanyewa. Sai a zuƙo iska cikin bututu, a haska mata wani haske da ido ba ya gani daga wannan baki, a duba abin da ya isa wancan bakin. Gibin da aka samu shi ke faɗin yawanta. Da wannan dabara Charles Keeling ya soma awo a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, lokacin adadin yana wajen 315. A cikin Sahara ma, a Assekrem da ke tsaunukan kusa da Tamanrasset a Aljeriya, ana cika kwalabe da iska ana aikawa ɗakin bincike a Amurka.

A Nijar, tashar da ta yi suna a wannan aiki ita ce ta Banizumbu, wani ƙauye mai nisan kusan kilomita 60 gabas da Yamai. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake rataye wasu 'yan ƙananan gwangwanaye a can, kowanne da takardar da aka jiƙa da sinadari a ciki. Ba sa bukatar lantarki. Takardar tana tsotsar amoniya ko naitirojin-dayoksaid a hankali har wata guda, sannan a sauke a rufe, a aika Tulus ta Faransa a tantance. Irin wannan awon ya nuna abin da manomi ba zai zata ba: da ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa, ƙananan halittun da ke cikinta sukan farka su fitar da iskar naitirojin mai yawa, ko babu mota ko ɗaya a wurin.

Ƙura kuwa a zahiri ɗora ta ake yi a sikeli. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, an kafa na'urori iri ɗaya a Banizumbu, da Sinzana ta Mali, da Mbur ta Senegal. Na'urar tana zuƙo iska ta bi da ita ta wata 'yar matata da ke kan siririn bututu mai karkarwa. Ƙura na taruwa, matatar na ƙara nauyi, karkarwar na raguwa, daga nan ake gane nauyin ƙurar a kowane 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce irin wannan ƙura kada ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a yini guda. A Banizumbu, cikin rani, samun ɗaruruwa ba abin mamaki ba ne, ranar babban hazo ko guguwar farkon damina kuwa takan haura dubu. Mutumin Tawa da ya san yadda hunturu ke rufe gari har rana ta yi fari fat, ya san nasa bai gaza haka ba. Mai yawa daga wannan ƙura daga kwarin Bodele na Chadi iska ke kwaso ta.

Daga sama ma ana leƙo mu. Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Sentinel-5P, wanda aka harba a watan Oktoban 2017, yana bi ta kan Adar kullum wajen azahar, yana karanta hasken rana da ƙasa ta mayar, yana fitar da taswirar iskoki da dama. Sai dai ɗigo ɗaya a taswirarsa ya kai kilomita biyar, hadari da hazo mai kauri suna kare masa gani, kuma hayaƙin girkin magariba da na asuba duk yana wuce shi.

To, sai lissafin. A nan ne tan-tan ɗin da kake ji a rediyo suke fitowa. Ana ninka yawan abin da aka ƙona da adadin da gwaji ya nuna kowane ma'auni yana fitarwa. Litar esansi ɗaya tana ba da kusan kilo 2.3 na kabon-dayoksaid, ta gazuwal kusan 2.7. Ɗan kabu-kabun da ya ƙona lita uku a yini ya saki kusan kilo bakwai ke nan. Ɗalibi mai kaifin kai zai ce lita uku ai ba su kai kilo uku ba, ina sauran ya fito? Daga iska: kabon da ke cikin man yana haɗuwa da iskar shaƙa lokacin ƙuna, nauyin ya ƙaru. Haka ake yi wa injin ban-ruwan masu albasa a Galmi da Tabalak. Siminti irin na Malbaza kuwa hayaƙinsa biyu ne, na makamashin da ke gasa dutsen, da wanda dutsen kansa ke saki, wajen rabin tan a kowane tan na gasasshen dunƙulen da ake niƙawa.

Shanun fa? Metan ɗinsu galibi ta gyatsa take fita yayin tuƙa. Masu bincike sukan sa saniya a rufaffen ɗaki su auna iskar da ke shiga da mai fita, ko su ɗaura mata siririn bututu kusa da hanci. Daga irin wannan gwaji kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da jadawalinsa na 2006: saniyar Afirka da ba ta gidan madara ba kilo 31 a shekara, akuya ko tunkiya kilo 5, raƙumi kilo 46. Ba ɗalibanka wannan a allo: mai shanu 10, awaki 20 da raƙuma 2, kilo 502 ke nan a shekara. Da irin wannan hanya hukumar muhalli ta CNEDD a Yamai take haɗa rahoton ƙasa, inda noma, kiwo da saran itace suke da kaso mafi girma. Amma a lura, adadi ɗaya aka ba saniyar Afirka duka, alhali saniyar Azawak da ke lasar kara a watan Afrilu ba ta cin abin da ta kudu ke ci. In ƙidayar dabbobin ma ƙiyasi ce, sakamakon ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Saboda haka, Malam, ka koya wa yaran nan su riƙa tambaya in sun ji adadi: auna shi aka yi ko lissafa shi? A ina, kuma tsawon wane lokaci? Ka kuma gaya musu cewa kason Nijar a hayaƙin da ke ɗumama duniya ɗan ƙanƙane ne, abin da ke cin ƙirjinsu yau shi ne ƙura, hayaƙin itace da na bolar da ake cinna wa wuta. Gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki kuwa yana fitar da kabon-monoksaid, ba wari ba launi, kuma yana kisa cikin barci.

Akwai ƙananan na'urorin auna ƙura masu araha yanzu, waɗanda farantin hasken rana ɗaya ke riƙe su. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da makarantu irin taku za su iya jera su daga cikin gari zuwa Keita da Abalak. Tunda an daɗe ana zancen haƙar kwal da kafa tashar lantarki a Salkadamna, lokacin wannan awo shi ne yanzu, kafin a kunna wuta. Wanda bai rubuta yadda iskarsa take a yau ba, gobe ba shi da hujjar cewa ta ɓaci.