Yadda Sautin Farko Ke Canza Jin Na Bayansa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, abin da nake so in yi bayani a kai shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke auna kowane sauti da wanda ya gabace shi. Aikin kunne ɗauko sauti, amma ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci.

Mu mutanen Ƙofar Jatau, in muka tafi ƙofar fada kallon hawan Salla, mun san halin 'yan bindiga. Harbin farko kan firgita mutum ƙwarai, amma kafin a kai na shida da kyar zai ƙifta ido. Ƙarar ba ta ragu ba, jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne suka saba, suka rage amsawa. Haka kuma babbar ƙara takan danne ƙaramar da ta biyo ta nan take, har kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa.

Sai dai sabo bai hana ƙwaƙwalwa tsaro ba. A 1978 wani masani ɗan ƙasar Finland, Risto Näätänen, da abokan aikinsa sun nuna cewa in ana maimaita sauti ɗaya sai wani daban ya kutso, ƙwaƙwalwa takan lura da shi cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, ko da hankalin mutum na wani wuri. Shi ya sa in makaɗin kalangu ya juya kiɗa, sai ka ga har mai ciniki ya waiwaya.

Harshenmu ma shaida ne. In Bahaushe na magana, muryarsa takan riƙa sauka daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. Gaɓa mai karin sama a ƙarshe tana iya zama ƙasa da mai karin ƙasa a farko, amma ba mu rikicewa, domin da maƙwabciyarta muke gwada kowace gaɓa.

To, ga inda haɗarin yake. Wanda ya daɗe kusa da injin niƙa ko lasifikar biki, jinsa kan dushe na sa'o'i, sai ya ƙara muryar rediyo yana tsammanin daidai take. In abin ya yawaita, ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne sukan mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Saboda haka shawarata ita ce, bayan ƙara mai tsanani a ba kunne hutu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.