Darasi a Kan Ciwon Hanta

A gidajenmu da yawa akwai wanda ya rasa uba, ko miji, ko ɗan'uwa da ke cikin ƙarfinsa, bayan cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Sau da yawa akan ce sammu ne, har zargi ya raba dangi. Amma galibi abin da ya kashe shi ciwon hanta ne, wanda ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Domin haka ya kamata mu fahimci wannan cuta.

Hanta tana gefen dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin babban mutum ya kai kilo 1 da rabi. Ita ce take tace dafi daga jini, tana ajiye sukari domin lokacin bukata, tana kuma yin abin da ke sa jini ya daskare sa'ad da mutum ya ji rauni. Tana iya lalacewa shekara da shekaru ba tare da mai ita ya ji zafi ba. In ta cika da tabo ta taurare, sai a ga shawara, da fitsari mai duhu, da kumburin ciki da ƙafafu, da aman jini, wani lokaci kuma sankarar hanta.

Babban abin da ke jawo wannan a ƙasarmu shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg, wani masani ɗan Amurka, ya gano alamarta a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 suna ɗauke da ita. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 kuwa ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna da ita. Tana bin jini da saduwar mace da namiji, uwa kuma tana iya ba jaririnta wajen haihuwa. Aska ɗaya da aka yi wa mutane da yawa aski, ko kaciya, ko tsaga da ita, da allurar da aka sake amfani da ita, duk hanyoyinta ne. Nau'in C ma jini yake bi. Ba a kamuwa da su ta gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama kusa a majami'a. Saboda haka kada mu guji mai wannan ciwo.

Akwai kuma abin da mutum ke jawo wa kansa. Yawan shan giya, ko burukutu, ko ogogoro, yana ƙone hanta sannu a hankali. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna da dafin da ke kawo sankara, musamman ga mai nau'in B. Panadol da aka sha fiye da kima yana lalata hanta, haka ma wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ƙiba da ciwon sukari kuma suna tara kitse a hanta.

To, me za mu yi? Da fari, kowane babba ya je asibiti a gwada jininsa, ko da yana jin ƙalau, gama gwaji ne kaɗai ke bayyana ƙwayar. Wanda ba shi da ita, a yi masa allurar rigakafi sau 3. Jariri kuwa a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa, domin cikin jarirai 10 da suka kamu, wajen 9 sukan zauna da ita muddin ransu. Tun 2004 wannan allura tana cikin rigakafin yara a Nijeriya.

Wanda aka same shi da ita kada ya fid da rai. Nau'in C yana warkewa sarai da ƙwayoyin magani na mako 12, fiye da mutum 95 cikin 100 sukan warke. Nau'in B ba a cika raba mutum da shi gaba ɗaya ba, amma magani mai suna tenofovir yana danne shi, ya kāre hanta daga taurarewa. Likita ne zai faɗi wanda yake bukatarsa, wanda ya fara sha kuma kada ya daina da kansa, gama ciwon yakan taso da ƙarfi. Ya bar giya ɗungum, ya riƙa komawa a duba shi, ya kuma kai matarsa da 'ya'yansa a gwada su.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shugabannin zumuntar mata da na maza, da na matasa, ina roƙonku ku karanta wannan darasi a taronku na gaba, ku kuma tsai da ranar da za ku tafi gwaji tare.