Darasin Juma'a: Sanƙarau da Tabon da ke Fitowa a Hoton Ƙwaƙwalwa

Zafin bazara ya kankama, kuma daga hunturu har saukar damina lokacin sanƙarau ne a ƙasarmu. Mutanenmu na Kano da Katsina ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe sama da mutum 11,000 a Arewa. 'Yan Zamfara da Sakkwato su ma sun ga ta 2017.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Mafi hatsari shi ne na ƙwayoyin bakteriya: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, amai, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. Kwana ɗaya ya isa ya kashe.

Abin da muke so a fahimta yau shi ne hoto. Idan ciwo ya yi tsanani, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri likita kan ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wato sikanin. Sakamako ya fito, a ce an ga tabo. Nan take gida ya rikice, wani kawu ya ce ai ƙwaƙwalwa ta taɓu, a kwashe yaro a koma gida kada a ƙarar da jari a banza. Wallahi wannan gaggawar ta fi tabon hatsari.

Ba kowane tabo ne ke zama ba. Akwai wata gada da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu. A ƙarshenta ta baya, na'urar MRI kan nuna wani ɗan tabo a wasu masu sanƙarau: wurin ne ya sha ruwa ya kumbura saboda zafin cutar. Da magani ya kama, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu sai a sake hoto a tarar ya ɓace. Haka jarirai, ruwa kan taru tsakanin tantani da ƙwaƙwalwa, galibi ya janye da kansa ba tare da tiyata ba.

Amma fa akwai mai zama. Jijiyar jini kan toshe wani sashe ya mutu, ko hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ta toshe kan yaro ya riƙa girma. Ni da kai ba za mu bambance su a takarda ba. Sai ka tambaya kai tsaye: "Likita, wannan mai wucewa ne? Yaushe za a sake dubawa?"

Kada a jira kuɗin hoto kafin a fara allura. Magani ne gaba. Idan an ce za a ɗebi ruwan baya, a yarda, da shi ake gane irin ƙwayar. A kammala allurai ko da yaro ya fara neman tuwo. Bayan sallama kuma a kai shi gwajin ji da wuri, domin kurumta ce abin da sanƙarau ya fi bari, ko hoto ya fito fes.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kare nau'i biyar na ƙwayar. Alhazai masu yaran shago da ke kwana a cunkushe a ɗaki ɗaya, a buɗe musu taga, idan masu rigakafi sun shigo Jiddari Polo a tura su tare da 'ya'yan gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.