Yadda ake haɗa ƙaramin taragon kaya na zamanin jirgi mai kwal ba tare da an yi wa tarihi ƙarya ba

Shawarar da ake yawan ba sabon shiga ita ce ya sayi kwalin haɗa-da-kanka, ya manna sassan, ya shafa jan fenti, ya yayyafa tsatsa, shi ke nan wai ya gama. Na gaji da jin ta. Wanda ya bi ta zai tashi da tarago mai rufin wani kamfani, ƙofar wani, birkin da aka hana amfani da shi, da lambar da ba ta taɓa hawa dogo ba. Aikin hannu ba shi ne farko ba. Bincike ne farko.

Misalin da zan bi shi ne rufaffen taragon ƙarfe na Amurka mai tsawon ƙafa 40, tsarin da ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta AAR ta fitar a 1937, a ma'aunin HO. A wannan ma'auni ƙafa ɗaya ta gaske milimita 3.5 ce, wato an rage komai sau 87, faɗin dogon kuma milimita 16.5. Taragon gaba ɗaya bai wuce santimita 15 ba. Mai sha'awar taragun gyaɗa na Kano ya lura: dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, ya fi na Amurka ƙunci, don haka sai ya yi gininsa a ma'aunin 1:64 kafin wannan dogo na 16.5 ya yi masa daidai.

Kafin ka kashe ko kwabo, tsayar da shekara. Ba "zamanin kwal" ba, shekara guda, in da hali har wata. A ce ka zaɓi Oktoban 1950. Daga nan kowace tambaya tana da amsa. Tsohon bogi na sandunan ƙarfe da aka ɗaure da noti, wanda tayoyi huɗu ke zaune a cikinsa, an hana shi ƙetarawa daga layin wani kamfani zuwa na wani tun wajen 1940, saboda haka ba shi da wuri a jirginka. Birki samfurin K yana nan a tsofaffin taragu har 1953, amma duk taragon da aka ƙera bayan 1933 da birkin AB ya fito, ciki har da namu. Hanyar da ma'aikata ke takawa a kan rufi ta katako ce a yawancin waɗanda aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu, daga tsakiyar shekarun 1940 kuma ta ragar ƙarfe ce a sababbi. Sai 1966 aka daina sa ta. Tarago mai kwanan wata na 1950 da rufi fayau babu wannan hanya kamar hoton bikin kakanka ne da wani a gefe yana latsa wayar salula.

Bayan shekara, nemi hoto. Hoton tarago ɗaya tak, mai lambar da ake iya karantawa, daga gefe, in an yi dace har da goshinsa. Littafin rajistar taragu na Amurka, wanda ake kira ORER a taƙaice, yana fitowa sau huɗu a shekara a wancan lokaci, kuma yana faɗin lambobin kowane rukuni, tsawonsa, tsayinsa, faɗin ƙofarsa da yawan waɗanda suka rage suna aiki. Shi zai gaya maka ko lambarka tana raye a watan da ka zaɓa. Don launi kuwa, duba hotunan da Jack Delano ya ɗauka a 1942 da 1943 a filin jiragen Proviso kusa da Chicago. Suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kyauta ne a intanet, kuma awa guda kana kallonsu ya fi maka shafi ɗari na surutun masu ba da shawara.

Yanzu sayi kwalin. InterMountain da Red Caboose duk sun yi wannan tsari na 1937 da roba. Kuɗinsa ba shi da yawa in ka same shi, kuɗin aikowa ne kan fi ciwo. Na rezin kan ninka shi biyu ko uku. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Ajiye sassan kusa da hoton ka bi su ɗaya ɗaya. Kamfanoni sun karɓi tsarin AAR, amma kowanne ya sayi kayan gamawa inda ya ga dama. Goshin yawanci Dreadnaught ne, ƙusumbi huɗu a sama biyar a ƙasa, sai dai na farko-farko kusurwarsu a tsaye take, na baya kuma a lanƙwashe. Rufin galibi Murphy ne mai faifai murabba'i, amma kamfanin Erie ya sa Viking a wasu nasa. Ƙofa ko Youngstown mai gurgura ko Superior mai faifai. Sitiyarin birkin hannu ko Ajax, ko Miner, ko Equipco, ko Universal, kuma ana bambance su daga nesa. Tsayin ciki ƙafa 10 ne a na asali. Akwai wanda aka ƙara wa inci shida daga baya, kada ka haɗa su. Duk abin da bai dace da hotonka ba, canza shi yanzu, tun kafin gam ya taɓa komai.

Wanke sassan da ruwa da sabulun wanke kwano, musamman rezin, domin maiƙon mazubin da aka zuba su yana hana fenti kamawa. Roba da roba, Tamiya Extra Thin nake so. Rezin ba ya jin wannan gam, sai sufa gulu. Haɗa gangar jikin ka tabbatar kusurwoyi sun miƙe, amma bar rufin a buɗe.

Ga inda aikin yake: mariƙan ƙarfe da ma'aikaci ke kamawa in zai hau. A kwalaye masu araha an zubo su manne da jiki, wani ɗan tudu kawai, ko kuma an ba ka na roba masu kauri da ke karyewa tun wajen yankowa. Kankare tudun da sabuwar reza da aka riƙe a kwance, kaɗan kaɗan, kana kare kawunan ribit na kusa da ɗan salatif. Mariƙi na gaske kaurinsa wajen kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 0.22 a ma'auninmu. Wayar tagulla ta 0.25 ko 0.3 ta wadatar. Tichy na sayar da lanƙwasassu masu faɗin inci 18 na gaske, wato milimita 5.25, kuma sun fi duk abin da za ka lanƙwasa da hannu daidaito.

Hujin ne ke korar mutane daga wannan sana'a. Tsinken huji mai lamba 79 ko 80 bai kai rabin milimita ba, yana karyewa in ka harare shi. Kada ka sayi ɗaya, sayi goma. Abin da ke raya shi abu huɗu ne. Fara danna bakin allura a daidai wurin don tsinken ya samu mazauni, in ba haka ba zai zame ya karce maka jikin taragon. Tura shi cikin mariƙinsa na hannu har sai milimita biyu ko uku kawai suka leƙo, domin tsawon da ke waje shi ne ke lanƙwasa ya ɓalle. Soka bakinsa cikin kakin zuma ko busasshen sabulu kafin kowane rami. Sannan juya da yatsa biyu, nauyin mariƙin kaɗai ya isa, kana zarowa kana share ɓarɓashi. Masu cewa a sa shi a injin lantarki don sauri ba su taɓa ƙoƙarin ciro karyayyen tsinke daga cikin rezin ba. Ba ya fitowa, kuma ramin da za ka sake yi a gefensa zai karkatar da mariƙin har abada.

Da ka zura wayar, cusa ɗan siririn roba mai kaurin milimita 0.6 ko 0.7 tsakaninta da jiki. Dokar Amurka ta ce a bar aƙalla inci biyu don hannu ya shiga, wannan ɗan roba shi ke ba ka tazarar, kuma shi ke sa dukkansu su fito tsayi ɗaya. Gam daga ciki ake sa shi, shi ya sa na ce a bar rufin. Ɗiga sufa gulu a kan murfin kwalba, ɗauko da bakin allura, taɓa gindin wayar. Kada bakin kwalbar gam ya kusanci tarago ko sau ɗaya. Hantsaki da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya sun ishe ka, ba sai ka yi odar na waje ba.

Nauyi kafin rufi. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, ita ce oza ɗaya, a ƙara rabin oza ga kowane inci na tsawo, wato wajen giram 110 ga wannan tarago. Manna notocin ƙarfe biyu a ciki, kowanne a saman bogi, da salatif mai fuska biyu ko silikon. Ka guji gam ɗin masu gyaran takalma: yana cin roba a hankali, bayan watanni sai ka ga daɓen ya gantsare. Sannan rufe.

Juya shi ka yi ƙarƙashi. Birkin AB abu uku ne a rarrabe: tankin iska, bawul, da silinda. Tsinin silindar yana kallon goshin da sitiyarin birki yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Inda tanki da bawul suke zaune ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a hoton gefe ana ganin inuwarsu a ƙarƙashin ƙofa, bi ta. Ba lallai ka sa kowane bututu ba. Sandunan birki da ke miƙewa zuwa bogi da bututun da ke tsakanin tanki da bawul su ake gani in ka sunkuya daidai dogo, su za ka yi da waya. Yanke sandunan kafin su kai inda bogi ke juyawa, in ba haka ba taragon zai sauka a kwanar farko. A goshi kuma kada ka manta ɗan ƙaramin bawul da ke gefen sitiyari da siririn bututunsa mai gangarowa.

Tayoyi na ƙarfe masu inci 33, mahaɗi Kadee mai lamba 58 ko 158, ka gwada tsayinsa da ma'aunin kamfanin. An gama nan.

Sai fenti. Babu wani launi guda da ake kira jan tarago. Fenti ne mai arha na tsatsar ƙarfe, kowane kamfani da haɗinsa. Na Pennsylvania ya karkata zuwa ruwan lemo, na Santa Fe ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma kamfanoni da dama suna shafe rufi, wani lokaci har goshi, da baƙin kwalta. Fesa siriri sau biyu ko uku, kada ribit ya nitse. In lokacin hunturu ne, kifa roba a kansa da zarar ka fesa, don ƙura ba ta jira. A ƙarshe sai fenti marar launi mai sheƙi, domin sitikar ruwa mai ɗauke da rubutun tarago ba ta kwanciya a kan fuska mai kaushi, iska kan maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Yanke kowane rubutu dab da haruffa, jiƙa, zame shi wurinsa, shafa Micro Sol. Zai yamutse kamar ya lalace. Kada ka taɓa. Da safe za ka tarar ya lafe a kan ribit.

Ƙananan rubutun nan na gefen hagu su ne ke tona asirin wanda bai yi bincike ba. CAPY shi ne nauyin da aka ƙera taragon ya ɗauka, fam 100,000 ga mai tan 50. LT WT nauyinsa ne babu kaya, LD LMT kuma iyakar abin da za a loda. A wancan zamani, in ka tara biyun ƙarshe a tarago mai tan 50, dole su ba ka 169,000. Mai tan 40 kuwa 136,000. In ka sa 45,300 a ɗaya, ɗayan 123,700 ne, babu ciniki. Kusa da su akwai kwanan watan awo. Sabon tarago yana ɗauke da NEW da wata da shekara, amma doka ta sa ana sake auna shi duk bayan 'yan shekaru. Taragon 1937 ba zai kai 1950 da NEW a jikinsa ba. Ma'aikacin tashar awo yakan shafe tsofaffin lambobin da ɗan sabon fenti, ya buga sababbi tare da harufan tasharsa da kwanan wata. Don haka ka fara tsufar da taragon duka, sannan ka shafa ɗan murabba'in fenti mai tsabta a wurin, ka ɗora sabbin lambobi farare tas a kai, da shekarar 1948 ko 1949. Haka za ka yi da ɗan rubutun da ke saman bogi na dama, mai nuna ranar da aka sake cusa wa akwatunan gatari ƙyalle da mai.

Dattin zamanin kwal daga sama yake saukowa. Hayaƙin kan jirgi ya zauna a rufi, ruwan sama ya gangaro da shi ta layukan ribit. Saboda haka baƙi-baƙi da toka-toka za ka yi, ba jan tsatsa ba. Wannan ruɓewa da ake gani a hotunan shekarun 1970 ta wani zamani ce. Fesa fenti marar sheƙi tukuna, irin Dullcote, don gari ya samu abin kamawa. Niƙa gawayi ko allin zane, ɗauka da busasshen buroshi, ja daga sama zuwa ƙasa. Rufin kwano ne da fenti ba ya daɗewa a kansa, ɗiɗɗiga ruwan toka a tsakiyar faifan ka bar haɗin. Katakon hanyar rufi ya koɗe, kowane falanki da nasa launi. Akwatunan gatari da fuskar tayoyi baƙi ne mai maiƙo, domin mai suke zubarwa kullum. Kuma kada duk taragunka su yi datti iri ɗaya: a hotunan Delano akwai wanda ya fito daga fenti jiya tsaye kusa da wanda sunan kamfaninsa ma da kyar ake karantawa.

Saura alli. Ma'aikatan fili suna rubuta lambar layi ko taƙaitaccen sunan gari a jikin tarago da alli. Fiƙe farin fensirin zane ka yi 'yan rubuce-rubuce kusa da kusurwoyi da gefen ƙofa, iya inda hannun mutumin da ke tsaye a ƙasa zai kai, wasu sababbi, wasu ka murje da yatsa su dushe. Manna ɗan farin takarda da bai kai ƙwayar shinkafa ba a ƙaramin allon da ke jikin ƙofa, shi ne katin hanya. Zanen fentin feshi na 'yan unguwa da tambarin nan mai ratsin launuka na na'urar karanta lamba duk sun zo ne bayan an kashe wutar kwal, kada ko ɗaya ya hau. In ka gama, ajiye shi a kwali nesa da taga da cikin mota, domin zafin Afrilu yana lanƙwasa rezin cikin yini ɗaya.