Me Ke Sa Fankar Masana'anta Jijjiga?

Wani mai sauraronmu daga Kano, ma'aikaci a wata masana'anta, yana tambaya: me ke sa babbar fankar nan mai jikin katantanwa, wadda ke zuƙe ƙura da hayaƙi, ta riƙa jijjiga?

To Malam, mun gode da tambaya. Abin da ya fi yawa shi ne rashin daidaiton nauyi a fuka-fukanta. Ƙura kan manne musu, musamman lokacin hunturu, sai wani ɓangare ya ɓamɓare ya faɗi, gefe guda ya fi nauyi. Tsatsa da zaizayewar ƙarfe ma haka suke yi. Kada ka raina ɗan dunƙulen nan. Fanka mai juyi 1,500 a minti tana zagayawa sau 25 a daƙiƙa guda, kuma idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin fizgar yakan ninka huɗu.

Daga nan sai a duba boris. Idan giris ya ƙafe ko datti ya shiga, za ka ji gurnani, ka taɓa gidan boris ɗin ka ji zafi rau. Akwai kuma sandar injin da ke juya fankar da sandar ita fankar da ba su zauna a layi ɗaya ba, da bel da ya saki, da notinan gindi da suka kwance. Rufe ƙofar iska fiye da kima ma yana sa ta rawa.

Don Allah kafin a buɗe ta, a kashe wuta a kulle makunni. A fara da wanke fuka-fukan tas. In jijjigar ba ta lafa ba, a kira injiniya ya auna da na'ura ya daidaita nauyin.